Awon Abin da Rauni Ya Bari a Jikin Ma'aikaci

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya harhaɗa ɗan Adam da ƙashi da tsoka da jijiya, ya ba shi aron ƙarfi zuwa wani ajali sananne. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, wanda ya yi kiwo ya yi fatauci, ya ɗauki tubali da hannunsa mai albarka ranar ginin masallacinsa, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi sawunsu har ranar sakamako.

Bayan haka, wannan magana ce a kan ma'aikacin da ya ji ciwo a bakin aikinsa. Birkila ya faɗo daga kan gini ya karye a cinya. Injin masaƙa ya cinye wa wani yatsu uku. Ɗan dako ya sunkuya zai cicciɓi buhu, bayansa ya riƙe, tun daga ranar bai ƙara miƙewa sosai ba. An yi jinya, an kwance ɗori, 'yan dubiya sun ɗauke ƙafa. A nan ne tambayar da ba mu yi mata tanadi ba take tasowa: bawan Allahn nan zai iya komawa aikinsa? Duka ko sashe? Yau ko bayan wata uku? Kuma wa ke da ikon faɗa?

A mafi yawan wurarenmu maigida ne ke yanke hukunci da ido. Ko dai ya ce, "Ai ka warware, gobe ka fito," ko ya ce, "Malam, je ka ka huta tukuna," kowa kuwa ya san wannan hutun ba shi da ranar ƙarewa. Inda aka ci gaba kaɗan, likita ya ɗaga hoton ƙashi ya ga ya haɗe, ya rubuta layi guda cewa mutum ya samu sauƙi. Likitan bai yi ƙarya ba. Sai dai hoto yana nuna haɗuwar ƙashi ne, ba ya nuna ko ƙafar za ta iya hawa tsani da kwanon kwaɓaɓɓen siminti a ka daga hantsi har la'asar. Sauran jama'a kuwa, yunwar iyali ce ke tashinsu daga shimfiɗar jinya, ba likita ba.

Ka sani, ya ɗan'uwa, malamanmu ba baƙi ba ne a wannan fage. Wanda ya zauna gaban malami ya karanta babin jini da haddodi a Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, ko babin diyya a Muwaɗɗa ta Imamu Malik, ya san wasiƙar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rubuta wa Amru ɗan Hazmu. A cikinta aka ƙayyade diyyar rai raƙuma 100, hannu 50, ƙafa 50, ido 50, kowane yatsa 10, haƙori 5. Kuma ya tabbata a Bukhari, ta hanyar Ibnu Abbas, cewa babban yatsa da ƙaramin yatsa daidai suke a diyya, alhali kowane mai sana'a ya san ba daidai suke a amfani ba. Hikimar wannan a fili take: Shari'a ba ta so darajar gaɓar mutum ta rataya a kan sana'arsa ko dukiyarsa. Yatsan attajiri da na lebura farashinsu ɗaya.

Amma a lura da abu biyu. Na farko, diyya tana hawa ne inda wani ya jawo raunin, da ganganci ko da kuskure. Wanda ƙafarsa ta zame ya faɗo, ba da sakacin kowa ba, ba ya bin kowa diyya a hukuncin fiƙihu, ko da yake yana bin jama'a haƙƙin taimako. Na biyu, jadawalin diyya yana amsa tambayar abin da jiki ya rasa. Tambayar abin da mutum zai iya aikatawa da abin da ya rage masa, wannan wata ce daban. Tela da maigadi su rasa manuniya a rana ɗaya: diyyarsu ɗaya, amma maigadi ya koma bakin ƙofarsa ranar da ciwo ya rufe, tela kuwa sai ya sake koyon zura zare a allura da riƙon almakashi, mai yiwuwa ma aikin surfani ya fita hannunsa har abada.

Fuƙaha'u ba su tsaya ga yankewar gaɓa ba. Sun ce hannun da ya shanye, yana nan a jiki amma ba ya amfani, diyyarsa cikakkiya ce kamar wanda aka yanke, domin amfanin ake nufi. Shehu Halilu ɗan Ishaƙa, malamin Masar na ƙarni na 14 wanda Muhtasar ɗinsa ya zama madogarar alƙalanmu, ya lissafa rasa ikon tsayuwa da zama cikin abubuwan da ke wajabta cikakkiyar diyya, tare da hankali da ji da gani da magana. To, idan amfanin bai tafi duka ba, sashe ne ya tafi fa? Nan suka ce sai an gwada. An ruwaito cewa an kawo wa Sayyadi Aliyu, Allah ya ƙara masa yarda, mutumin da aka bugi idonsa ganinsa ya ragu. Ya sa aka ɗaure ido ɗaya, aka ba wani ƙwai ya riƙe yana nisa da shi har mai ƙara ya ce ya daina gani, aka ja layi a wurin. Aka kwance aka ɗaure ɗayan, aka sake, aka ja layi. Sannan aka koma wani fili aka maimaita, aka tarar awon ya zo ɗaya, sai ya hukunta masa gwargwadon tazarar da ke tsakanin layukan biyu. Halilu ya bi wannan hanya a wajen ji: a toshe lafiyayyen kunne, a yi kira daga wurare dabam-dabam, a auna da ɗayan kunnen, idan babu shi a auna da jin matsakaicin mutum. Shaƙa a gwada ta da wari mai ƙarfi, ɗanɗano da abu mai tsananin ɗaci, hankali kuwa a lura da mutum a lokacin da yake zaton ba mai ganinsa. Bayan gwaji a rantsar da shi.

Dubi ƙa'idojin da ke ƙunshe a nan. Ba a hukunci sai ciwo ya warke ya tsaya inda zai tsaya, kamar yadda Risala ta faɗa a kan raunuka. Ana sa mutum ya aikata abin a gaban shaidu, ba a dogara da gani da ido ba. Ana maimaitawa don a ga ko awon ya daidaita. Kuma ana karɓar maganar mai ciwo a inda babu mai sani sai shi da Ubangijinsa. Waɗannan su ne ginshiƙan abin da masu gashin ƙashi da likitocin gyaran gaɓoɓi na wannan zamani suke kira awon ikon aiki.

Wannan fanni ya bunƙasa ne a Amurka daga shekarun 1970 zuwa 1980, a hannun mutane irin su Leonard Matheson da Susan Isernhagen, saboda kamfanonin inshora da kotuna sun gaji da takardar likita mai layi guda. Yadda ake yi shi ne, a fara sauraron tarihin ciwon, a auna hawan jini da bugun zuciya don kada gwajin kansa ya zama sanadin wata musiba. Sannan a sa mutum ya ɗaga akwati daga ƙasa zuwa ƙugu, daga ƙugu zuwa kafaɗa, daga kafaɗa zuwa sama da kai, ana ƙara nauyi kaɗan-kaɗan. Ya ɗauki kaya ya yi tafiya da shi, ya tura, ya ja, ya hau tsani, ya durƙusa, ya tsuguna, ya daɗe a tsaye, ya daɗe a zaune, ya matse na'urar awon damƙa, ya tsinci ƙananan ƙusoshi ya jera su a ramukansu. Abin yakan ɗauki sa'o'i da yawa, wasu kuma sukan raba shi kwana biyu a jere, kuma ni ina ganin wannan ya fi kusa da gaskiya. Jiki magayi: wanda ya ɗaga kilo 20 yau yana murmushi, gobe da safe za a san ko bayansa ya yarda.

Masu fannin sun saɓa a kan wanda zai ce "ya isa". Hanyar Stover Snook, wanda ya fitar da jadawalinsa a 1978, ta dogara ga ma'aikaci ya zaɓi nauyin da yake jin zai iya yini yana ɗauka. Hanyar Isernhagen ta ɗora hukunci a kan mai lura: idan ya ga mutum ya fara riƙe numfashi, yana gantsarewa, yana fizgar kaya maimakon ɗagawa, yana kiran tsokar wuya ta taimaki kafaɗa, to an kai iyaka ko da shi bai ce ba. Kowace hanya tana da rabonta na gaskiya, mai hankali kuwa yakan haɗa su. Kuma ba nauyi kaɗai ake rubutawa ba, har da yawan maimaitawa. Littafin rabe-raben sana'o'i na Ma'aikatar Ƙwadagon Amurka, wanda aka fara bugawa a 1939 aka yi masa gyaran ƙarshe a 1991, ya bambanta abin da ake yi jefi-jefi, wato har sulusin yini, da wanda ake yi akai-akai har sulusi biyu, da wanda ake yi kusan ba tsayawa. Ya kasa ayyuka biyar ta fuskar ƙarfi, daga aikin zaune da bai wuce ɗaga kilo huɗu da rabi ba, har zuwa mafi tsanani, wanda ya haura kilo 45.

A nan nake so mai karatu ya dakata. Buhun siminti kilo 50 ne. Ke nan yaron da ke sauke siminti daga tirela ya riga ya shiga matakin ƙarshe na wancan littafi tun da buhun farko. Cibiyar lafiyar ma'aikata ta Amurka, a lissafinta da ta gyara a 1991, ta sa kilo 23 a matsayin iyakar abin da ya dace a ɗaga da hannu biyu idan komai ya daidaita, kaya na kusa da jiki, ba juyi ba sunkuyo mai yawa. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tun 1967 ta ba da shawarar kada kayan da namiji baligi zai ɗauka shi kaɗai ya wuce kilo 55. A kasuwar Dawanau kuwa buhun hatsi yakan kai kilo 100, mutum ɗaya ake aza wa, ya bi katako ya hau da shi bayan mota. Awon ikon aiki sikeli ne mai kwano biyu: mutum a ɗaya, aikin a ɗaya. Mu kullum mutumin muke tuhuma, ba mu taɓa ɗora buhun a kan ma'auni ba. Idan aka auna ɗan dako bayan jinya aka ce ya kasa buhu mai kilo 100, wannan ba shaida ce ta nakasarsa ba, domin lafiyayyen ma da yake ɗauka, bashi yake ci daga ƙashin bayansa, zai biya a tsufansa.

Hadisin Abu Zarrin, Allah ya ƙara masa yarda, wanda Bukhari da Muslim suka fitar, ya kira masu hidima 'yan'uwan iyayen gidansu, ya hana a ɗora musu abin da zai rinjaye su, ya ce idan an ɗora to a taimake su. Wannan taimako a yau yana da suna da siffa: baro da kura maimakon ka, mutum biyu a buhu ɗaya, raba kaya gida biyu, ɗaga teburin aiki don kada a yini a sunkuye, kujera ga wanda tsayuwa ke wahalarwa, rabin yini na 'yan makonni kafin a koma cikakke. Rahoton awon da bai faɗi wane gyara za a yi wa aikin ba, rabin rahoto ne.

Idan ka ce, to ai akwai masu ƙaryar ciwo don su ci kuɗin banza, sai in ce haka ne, kuma wanda ya yi haka ya ci haram, ya kuma jawo wa masu ciwon gaskiya zargi, zunubinsa biyu. Masu fannin sun nemi dabarun gane su. Na'urar damƙa ta Jamar tana da matakai biyar, kuma hannun da ke matsawa da gaske yakan fi ƙarfi a matakan tsakiya, ya ragu a gefe biyu. Ana sa mutum abu ɗaya ta fuskoki dabam-dabam a ga ko zai daidaita, kamar dai ƙwan Sayyadi Aliyu. Likitan ƙashi Gordon Waddell na Sikotlan ya bayyana wasu alamomi a 1980 da ke nuna ciwon baya ya haɗu da damuwar zuciya. Sai mutane suka mai da su tarkon kama maƙaryata, har shi da abokin aikinsa Chris Main suka fito a 1998 suka ce ba don haka aka yi su ba. Tsoron fama ciwo yana rage ƙarfi, haka rashin barci, haka baƙin cikin wanda ya ga abincinsa na neman kuɓucewa. Halilu ya ce wanda maganarsa ta saɓa a gwajin ji ba shi da komai, wannan kuwa daidai ne a abin da ba ya sauyawa tsakanin safe da yamma. Zogi ba haka yake ba, yana hawa yana sauka, don haka ba a yi masa ƙiyasi da kunne. Ka tuna mutum biyun nan da suka zo neman sadaka a Hajjin Bankwana, kamar yadda Abu Dawuda da Nasa'i suka ruwaito. Annabi ya dube su sama da ƙasa ya ga ƙarfafa ne, ya sanar da su cewa mawadaci da mai ƙarfin da ke da abin yi ba su da rabo a cikinta, sannan ya bar zaɓi a hannunsu. Bai ƙaryata su da ganin ido ba.

Ni abin da ya fi damuna a ƙasarmu kishiyar wannan ne. Leburanmu ba ƙara ciwo yake yi ba, ɓoye shi yake yi. An rene shi a kan cewa raki abin kunya ne ga namiji, kuma ya san akwai mutum goma a bakin ƙofa suna jiran gurbinsa. Sai ya cije, ya haɗiyi ƙwayar kashe zogi, wani har taramol, ya ɗaga abin da aka ce ya ɗaga, a rubuta masa "ya warke". Bayan wata biyu ya kwanta kwanciyar da ta fi ta farko. Mai awo a nan dole ya tambayi abin da mutum ya sha kafin ya zo, ya yi masa bayani da harshen da yake ji, ya tabbatar masa cewa faɗin "na gaji" ba zai zama takardar sallama ba. Ya tuna kuma ɗakin gwaji mai fanka daban yake da saman gini a watan Afrilu, da kuma yinin azumi. Mace kuwa a samar mata mace mai awo, a kiyaye suturarta.

Kada kuma a ɗauki awon a matsayin sanin gaibu. Douglas Gross da Michele Battié sun bi diddigin ma'aikata masu ciwon baya a lardin Alberta na Kanada, suka buga sakamakonsu a 2004: gwajin bai nuna lokacin komawa aiki ba sai ɗan kaɗan, kuma cin gwajin bai zama lamunin cewa ciwo ba zai dawo ba. Dalili a bayyane yake. Komawa aiki ba tsoka kaɗai ke yin ta ba, akwai halin maigida, da yardar abokan aiki, da kwanciyar hankalin mutum. Awo shaida ce guda cikin shaidu, a haɗa ta da ta likita da ta mai ciwo da ta wanda ya san aikin.

Ta fuskar doka, Najeriya ba ta rasa tanadi ba. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda ta maye gurbin ta 1987, ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun da hukumar NSITF ke riƙe da shi. Daga nan ake biyan wanda ya ji ciwo ba tare da sai ya tabbatar da laifin kowa ba, kuma wanda ya nakasa gaba ɗaya ana ba shi kashi 90 cikin 100 na albashinsa. Dokar ta yi maganar gyaran gaɓoɓi da taimakon mutum ya koma aiki. A Nijar asusun CNSS ke ɗauke da wannan nauyi. Muna da Asibitin Ƙashi na Dala tun 1959, da hukumar da ke yi wa masu gashin ƙashi rajista tun 1988. Abin da ya rage shi ne a haɗa waɗannan da bakin masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa, ta yadda mai awo zai taka ya je ya ga injin da idonsa, ya ɗaga kayan da hannunsa, kafin ya sa hannu a takarda.

Shi kuwa mai sa hannun, ya sani shaida yake bayarwa. Sau da yawa wanda ya biya kuɗin awon yana da amsar da yake so, kamfani yana so a ce ma'aikaci ya warke don a daina biya, ko a ce ya nakasa don a rabu da shi, lauyan ma'aikaci kuma yana son adadi mai tsoka. Suratul Muɗaffifina ta sauka a kan masu tauye mudun hatsi, to ina ga mai tauye awon jikin mutum, wanda abincin gida guda ya rataya a kan alƙalaminsa? Shaidar zur tana cikin manyan zunubai, ko an yi ta don tsoron mai kuɗi ko don tausayin talaka. Wanda ya tausaya, ya taimaka daga aljihunsa, ya bar ma'auni a daidai.

Kuma manufar awon ita ce gano abin da ya rage, ba lissafa abin da ya tafi kaɗai ba. Da basur ya matsa wa Imrana ɗan Husaini, Annabi bai sauke masa salla ba, ya saukar masa da siffarta ne daga tsayuwa zuwa zama zuwa kishingiɗa. Ranar Uhudu an mai da yara gida, amma aka karɓi Rafi'u ɗan Hadiju saboda gwanin harbi ne, da Samuratu ɗan Jundubu ya ce yana kayar da Rafi'u a kokawa, aka ce su gwada, ya kayar da shi, aka karɓe shi. Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, Alƙur'ani ya ɗauke wa irinsa fita yaƙi, amma shi ne ladani, kuma an sha barin Madina a hannunsa. Birkilan da ya yi shekara ashirin yana gini, ko ƙafa ta hana shi hawa, idonsa yana gane bangon da ya karkace tun daga nesa, ya san kwaɓin da aka yi wa ha'inci. A sa shi duba aiki, ko riƙon sito, ko koyar da yara. Sallamarsa asara ce ga maigidan kansa.

Saura waɗanda ba su da maigida balle asusu: 'yan dako, 'yan garuwa, masu faskare, masu haƙar rijiya, manoman ƙodago. Abu Yusufa ya kawo a Kitabul Haraji cewa Sayyadi Umaru ya ga wani tsoho Bayahude makaho yana bara, ya ga ba a yi masa adalci ba idan aka ci moriyar ƙuruciyarsa aka yar da shi a tsufansa, sai ya yanka masa abin masarufi daga baitulmali. Hukumomin zakka da waƙafi na jihohinmu, irin na Kano da Sakkwato da Zamfara, su ne magada wannan aiki, kuma awon ikon aiki zai yi musu amfani ƙwarai. Malaman Shafi'iyya sun ce mai sana'a a ba shi daga zakka abin da zai sayi kayan sana'arsa. Takarda daga hannun masani, mai cewa wannan ba zai ƙara dako ba amma hannuwansa lafiya lau suke kuma yana iya zaman sa'o'i shida, ita za ta nuna a saya masa keken ɗinki ko a kafa masa teburin awo a kasuwar da ya sani. Wanda aka tarar ba abin da ya rage masa na aiki kuma, a rubuta sunansa cikin masu karɓar na wata-wata, a hutar da shi daga zuwa neman shaida kowace shekara. Allah shi ne mafi sani.